Waƙar Gwaggo a Rubutun Boko

Ban daɗe da komowa Illela daga kwalejin horon malamai ba aka ba mu mulkin kai. Aka ba ni aji a makarantar firamare ta garin, ina koyar da karatu da lissafi, ina zaune da matata a gidan mahaifina. A sashen baya na gidan akwai Gwaggo, yayar Baba, wadda ta komo gida tun rasuwar mijinta. Ita ce malamar matan unguwarmu. Bayan azahar matan aure sukan shigo da allunansu, ta koya musu alwala da salla da wankan gawa, mafi yawa a waƙe, don ta ce abin da aka rera ya fi zama a ka.

Tana da waƙoƙi da dama da ta tsara da kanta, ta rubuta da ajami a falle-fallen takarda, tana adana su cikin gafaka. Guda ɗaya ce ta fita gari. Waƙa ce a kan shekarun da mutane suka riƙa kwararowa daga tsallaken iyaka, ƙasar da Faransawa ke mulka, suna gudun aikin tilas da yunwa, wasu da jakuna, wasu da 'ya'ya a kafaɗa, mutanen Illela suka buɗe musu zauruka. Gwaggo ta ga abin da idonta tana yarinya. Amshin waƙar shi ne:

Jama'a ku riƙe baƙinku,
Mu ma da baƙunci munka zo.

'Yan shekaru bayan mulkin kai, wata ranar kasuwa, hedimastanmu ya aiko a kira ni. Na tarar da shi da wani baƙo, dogon Bakatsine mai tabarau, malami a ɗaya daga cikin sababbin jami'o'in da aka buɗe. Yana zagaya garuruwa yana tattara waƙoƙi da tsofaffin rubuce-rubuce, domin sashensu ya fara fitar da mujalla. Ya ce ya ji mata suna rera wata waƙa a gonar albasa a Lafani, ya tambaya, aka ce ta wata malama ce a Illela, kuma ɗan ƙaninta malamin makaranta ne.

Na kai shi gida. Baba ya amince su gaisa, Malam yana waje a kan tabarma, Gwaggo tana ciki, asabari tsakaninsu. Ya ce, “Allah gafarta Malama, so muke mu buga waƙar nan da boko, a karanta ta a Kano da Yola da ko'ina.”

Gwaggo ta ce, “In don a ji ta, ban hana ba. Amma kar a sa sunana, kuma kar a taɓa mini magana. Yadda nic ce, haka za a rubuta.”

Malam ya ce ya ji. Da za mu rabu a bakin motarsa ya miƙo mini wasu 'yan shafuka da aka buga, an rubuta ƙa'idojin rubutu na mujallar a samansu. Ya ce ni zan juya waƙar daga ajami zuwa boko, in bi ƙa'idojin nan sau da ƙafa, in buga da tafireta, in aika kafin hutun ƙarshen zango. Ya ce duk abin da ya shigo musu da rubutu iri-iri mayar da shi suke yi, domin ba sa so mai karatu ya ga kalma ɗaya da kamanni uku a littafi ɗaya. Na ce masa babu matsala. Murna nake yi a lokacin, ina ganin ni ma hannuna zai shiga aikin jami'a.

Sai da na zauna na karanta shafukan nan na gane akwai matsala. Ƙa'ida ta farko ta ce duk Hausar da za a buga a rubuta ta da daidaitacciyar Hausa, wato irin wadda ake ji a rediyo. Ta ba da misalai: a rubuta “me” ba “mi” ba, “muka” ba “munka” ba, “ƙofa” ba “ƙohwa” ba. Ga shi kuma a gabana Gwaggo ta ce kar a taɓa mata magana, Malam ya amsa. Ban sani ba ko ya manta da ƙa'idar tasu ne, ko kuwa ya ɗauka mayar da “munka” zuwa “muka” ba taɓa magana ba ne.

Muka fara aiki bayan la'asar, in ɗalibanta sun watse. Tana karantowa daga takardarta, ina rubutawa da fensir. Gwaggo ba ta karanta boko, amma idonta ba ya barin hannuna. Da na gama baitin farko na ɗiga ɗigo a ƙarshe, ta nuna da yatsa.

“Wanga mi na?”

Na ce, “Aya ce, Gwaggo.”

Ta ja baya. “Aya? Astagfirullah! Waƙata ba ta da aya. Aya na cikin Alƙur'ani.”

Na yi ta bayani cewa suna ne kawai aka aro, alama ce ta inda zance ya ƙare. Ta ce to in kira ta ɗigo a gabanta. Da muka zo kan waƙafi kuwa ba mu sha wahala ba, don ta san shi a karatun tajwidi. Sai dai ta ce ita za ta faɗi inda za a sa shi, wato inda take numfasawa, alhali ƙa'idar ta ce ma'anar jimla ce ke sa waƙafi, ba numfashi ba. Na riƙa sa nata da fensir mai haske, ina sa na ƙa'ida da mai kauri, ina cewa a raina zan daidaita daga baya.

Maganar “munka” ce na kasa faɗa mata kai tsaye. Na gwada da dabara. Na ce, “Gwaggo, ji yadda zai fita in an ce ‘Mu ma da baƙunci muka zo.’”

Ta rera shi a hankali, tana kaɗa yatsa a gwiwa, ta tsaya. Ta sake. Ta ce, “Ya gurgunce. Ba ka ji ƙahwa guda ta gajarce ba? Wa yac ce a yi haka?”

Na ce takardar jami'a ce. Ta ce, “To takardar ta rera in ji.”

Ba ta da laifi, karin ya karye. Amma ni a ganina a lokacin jami'a wani wuri ne da ba a yi masa gardama. Ni malamin firamare ne mai ƙaramar takardar shaida, a garin bakin iyaka. Na riƙa ƙiyasta manyan malamai zaune a tebur suna buɗe aikina, suna cewa wannan ko ƙa'ida ta farko bai iya bi ba. In kuma na bi ƙa'idar, ran da mujalla ta zo zan zauna gaban Gwaggo in karanta mata waƙar da ba tata ba. Abinci ya daina yi mini daɗi. Matata ta ce in rubuta wa Malam in tambaye shi mana, ai mutum ne. Na rubuta, na yaga, na sake rubutawa, don kada wasiƙar da ke tambayar ƙa'ida ta je da kuskuren ƙa'ida. Na ba direban motar da ke kai wasiƙu Sakkwato.

Muna jiran amsa wata matsalar ta taso. Mun kai wani baiti da ya fara da sunan Iblis, inda take cewa shi ke hana mutum buɗe ƙofa ga baƙo. Tun da farko Gwaggo ta lura wasu baƙaƙe sun fi wasu tsawo, ta tambaya, na ce babban baƙi ne, ana sa shi a sunaye. Da na nuna mata shi a sunan Allah ta ji daɗi ƙwarai, ta ce ashe masu boko ma sun san girmamawa. Ajami ba shi da babba da ƙarami, don haka abin ya burge ta. Yanzu da na rubuta Iblis, sai ta ce in nuna mata.

“Wanga na farko, babba na ko ƙarami?”

Na ce babba.

“Irin na sunan Allah?”

Na ce ƙa'idar ba ta duba girman mai suna, duk sunan da aka raɗa wa wani ko wani gari da babban baƙi yake farawa.

“Wa yab ba shi girma? Ka mai da shi ƙarami.”

Na ce in na mayar, can za su gyara ba tare da sun tambaye mu ba, su ɗauka kuskure ne. Ta rufe gafakarta. Ranar ba mu ƙara ko ɗango ɗaya ba, kuma washegari da na zo ta ce kanta na ciwo. Na fita na zauna a zaure, ina lissafin kwanakin da suka rage kafin hutu, ina jin kamar aikin ya mutu ke nan. Baba ya wuce ni zai tafi masallaci, ya ce, “Ai na gaya maka yayata ba a tura ta. Ka ƙyale ta.”

Bayan 'yan kwanaki ita ta aiko a kira ni. Ta ce ta cire sunan, ta sa “la'ananne” a madadinsa, tunda wannan ba suna ba ne, zagi ne. Na ji sanyi a raina, na ɗauki fensir, sai na tuna da wata ƙa'idar: kowane layin waƙa da babban baƙi yake farawa. Kalmar kuwa a farkon layi take. Na faɗa mata. Ta dube ni, ta yi wata 'yar dariya ta takaici, ta ce, “Shina da naci, ko a takarda.” Ta rufe ido tana motsa leɓe, ta juya layin, ta tura kalmar can ƙarshe, karin bai karye ba. Ni dai abin bai kwanta mini ba, domin ita ce ta ce kar a taɓa mata magana, ga shi ƙa'idar ta sa ta taɓa da hannunta.

Amsar Malam ta zo bayan na fara fid da rai. Ya ce ƙa'idar daidaitacciyar Hausa don zube aka yi ta, waƙa kuwa a bar ta da harshen mai ita, shi ne ya manta bai faɗa mini ba, ya kuma ba ni haƙuri. Amma ya ce akwai sharaɗi: in “munka” ce, to ta zama “munka” daga farko har ƙarshe, kada a cakuɗa. Na koma kan abin da na rubuta cikin murna, sai na tarar Gwaggo da kanta ta cakuɗa. Ta yi zaman aure a Kano shekaru, bakinta ya ɗauko. Inda kari ke son “munka” ta sa “munka”, inda yake son “muka” ta sa “muka”. Wani wuri “shina”, wani wuri “yana”. Na nuna mata, ta ce ita ba ta san tana yi ba, kuma ba za ta gyara ba, haka bakinta yake. Babu lokacin sake wata wasiƙar a jira amsa. Na bar su yadda suke, na rubuta ɗan bayani a ƙasa cewa kari ne ya jawo, na ce Allah ya sa su karɓa.

Saura bugawa. Tafireta ɗaya ce na sani a Illela da za a ba ni aro, ta ofishin kwastan. Akawunsu abokina ne, ya ce in zo bayan an tashi aiki. Na riƙa zuwa da yamma, ina bugawa da yatsa biyu, ana hayaniyar masu raƙuma da 'yan canjin sefa a waje. Tafiretar ta Turanci ce, ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya. Ƙa'ida kuwa ta ce dole ne a bambanta k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ. Sai na buga su haka, daga baya na bi kowane layi da alƙalami mai siririn baki ina ɗora ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Na duba, na sake dubawa, na ba hedimasta ya duba, har ya ce idan na ƙara dubawa takardar za ta huje. Na aika ana saura kaɗan a yi hutu.

Watanni suka wuce shiru. Lokacin kuwa ƙasa ta ɗau zafi da siyasa, ana shirin zaɓe. Magana ta yi tsada a kasuwa. Aka riƙa jin labarin an kama wani maroƙi a wani gari saboda waƙa, an ɗaure wani saboda habaici. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ban sani ba, amma mu ma'aikata an ja mana kunne mu kama kanmu.

A cikin wannan hali wata ranar Litinin ambulan ya iso makaranta. Takardun gwajin bugun waƙar ne daga maɗaba'a, da ɗan rubutu a sama cewa a duba a mayar da gaggawa, in ba a ji komai ba za a buga haka. Na duba hatimin gidan waya, na ga ambulan ɗin ya daɗe a hanya. Na buɗe a tsaye a bakin aji. Waƙar ta fito tsaf da baƙaƙe masu kyau, irin kwantattun nan da ke karkata gefe. Sai idona ya sauka kan amshi:

Jama'a ku rike bakinku.

Babu ƙugiya ko ɗaya, tun daga farkon waƙar har ƙarshenta. Ƙasa ta zama kasa, ɗaki ya zama daki. Waɗannan mai karatu zai iya ganewa. Amma amshin ya koma wata magana daban mai ma'anarta cikakkiya. Gwaggo tana cewa a riƙe baƙi da mutunci, takarda tana cewa jama'a su kama bakinsu, kuma tana maimaitawa bayan kowane baiti. Na ce wa yara su kwafi abin da ke kan allo, na nufi ofishin hedimasta.

Ya karanta, ya cire hularsa ya ajiye. Ya ce, “Malam, a wannan lokaci? Wani zai ce gwamnati ce ta sa a ce wa talakawa su yi shiru, wani zai ce habaici ake wa gwamnati. Ko wanne aka ɗauka, daga Illela ta fito, kuma kowa a nan ya san waƙar wa ce.”

Na ce zan gyara in mayar yau. Ya ce in wasiƙar ta yi jinkirin da ta yi wajen zuwa, kafin ta isa an gama bugu. Ya ba ni izinin kwanaki, ya ce in tafi da kaina.

A gida Baba ya fi ni tsorata. Ya ce tun farko bai so a kai waƙar mace wurin hukuma ba. Na ce jami'a ba hukuma ba ce, ya ce duk wanda ke da mota da hatimi hukuma ne. Gwaggo na fi jin nauyin faɗa wa. Na karanta mata amshin yadda aka buga. Ta ce in sake. Na sake.

“To ni nic ce mutane su riƙe baki? Ni da nika roƙon su buɗe ƙohwa?” Ta dube ni. “Ɗan abin nan da kaka lanƙwasawa bisa baƙi, shi kaɗai yay yi wanga aiki?”

Na ce shi kaɗai.

Ta ce, “Tahi. In ba su gyara ba, ka amso mini abina.”

Da asuba na hau motar albasa zuwa Sakkwato. Na fara zuwa gidan waya don in buga wa Malam waya ta telgiram, a tsayar da aikin kafin in isa. Da na ɗauki takardar zan rubuta sai na ga ba yadda zan yi bayani, don ita ma telgiram ɗin ba ta da ƙugiya, kuma duka da manyan baƙaƙe take fita. In na ce a mayar da “bakinku” zuwa “baƙinku”, can za a karanta kalma ɗaya sau biyu. Na tsaya har mutumin da ke bayana ya fara tsaki. Daga ƙarshe na rubuta a dakata da bugu, ina tafe.

Daga nan na hau wata motar zuwa garin da jami'ar take, tafiyar ta yi mini tsawo. Mota ta lalace a hanya, muka yini a gindin wata tsamiya ana neman abin gyara. Ambulan yana cikin rigata, ina ta shafawa. Duk lokacin da na rufe ido sai in ga mujallar an ɗaure ta dami-dami ana lodawa, ko in ga ɗan doka a ƙofar gidanmu yana tambayar tsohuwar da ke tsara waƙa. Ban taɓa shiga jami'a ba. Da na isa na yi ta yawo tsakanin gine-gine da ƙurar hanya a jikina, ina jin kunyar tambaya, har wani ɗalibi ya raka ni ofishin.

Malam ya tashi ya tarbe ni da hannu biyu. Kafin in gama gaisuwa na zaro takardun. Ya ce in zauna tukuna, ya sa a kawo mini ruwa. Sannan ya jawo nasa kwafin daga aljihun tebur. Ya riga ya zagaye amshin da jan alƙalami a kowane baiti.

Ya ce, “Na gani tun ranar da suka zo, na tsayar da su. Na aika maka wasiƙa, ina jin kun yi saɓani a hanya. Wayarka ma ta iso jiya.”

Ya bayyana mini cewa ƙa'idar mujallar ta ce a buga waƙa da kwantattun baƙaƙe don ta bambanta da zube, maɗaba'ar kuwa tana da masu ƙugiya a miƙaƙƙun baƙaƙe ne kawai. Mai jera baƙaƙen ya bi ƙa'ida ɗaya, ya karya ɗaya, ba shi da yadda zai cika duka biyun. Malam ya ce sun zauna sun canza: daga yanzu waƙa ma da miƙaƙƙun za a buga ta, a ɗan tura ta ciki daga gefen shafi.

Muka yini muna bin waƙar layi-layi. A kan “munka” da “muka” ya ɗan ɓata fuska, ya ce abokan aikinsa ba za su so ba, amma ya rera wuraren da kansa, ya yarda kari ne, ya bar su da bayanina a ƙasa. A kan waƙafi bai ba ni gaskiya ba. Ya ce in aka bi numfashin kowane mawaƙi, mai karatun da bai taɓa jin muryarsa ba zai ruɗe, waƙafin ma'ana za a bi. Na yi gardama kaɗan, na ga yana da hujja, na bari. Sai sunan garin da ke tsallaken iyaka, wanda ya fito a waƙar sau da yawa. Faransawa suna rubuta shi iri ɗaya, taswirar Ingilishi iri ɗaya, mu kuma Ƙwanni muke cewa. Ƙa'idarsu ta ce a bi taswira. Na ce Gwaggo ba taswira ta rera ba. Ya yi dariya, ya ce a cikin waƙa a bar Ƙwanni, a gabatarwa a bi taswira. Ni dai na san wani zai ga wannan ya ce an saɓa, amma na gaji, na amince.

Da na komo Illela na ba Gwaggo labari duka, har da waƙafin da na kasa karewa. Ta ce waƙafi ba ya hana ta numfasa inda ta ga dama. Duk da haka hankalina bai kwanta ba sai bayan watanni, ranar da mujallar ta iso. Ban buɗe ta a makaranta ba. Na kai gida, na shiga ɗaki, na fara da amshi, na bi kowanne da yatsa. Duk suna da ƙugiyarsu. A baiti na kusa da ƙarshe na sami “daya” a maimakon “ɗaya”, na kuma sami wani waƙafi da ya faɗo inda ba ni na sa ba, ba Malam ba. Na daɗe ina kallonsu, raina ya sosu, amma ba su canza ma'ana ba.

A makon ne ɗan ƙanwar Gwaggo ya zo daga tsallake gaishe ta. Ya yi makarantar Faransanci, yana aikin akawu a can. Aka nuna masa mujallar, ya ce shi zai karanta mata. Ya gyara zama ya fara, sai ga shi yana tuntuɓe. Inda aka rubuta “ce” ya karanta “se”, inda aka rubuta “ku” ya tsuke baki ya fitar da wani sauti da ba na Hausa ba. Ɗaliban Gwaggo da ke zaune suka rufe fuska da mayafi suna dariya. Ya ajiye mujallar, ya ce mu ne ba mu iya rubutu ba, ya ɗauki fensirina ya nuna mini yadda su za su rubuta layin. Na duba, ni ma na kasa karanta nasa. Muka yi ta musu, kowa na cewa nasa ne daidai, har Gwaggo ta ce mu fita zaure mu ƙarasa, lokacin karatun mata na wucewa.

Da zai koma ya roƙi in kwafe masa waƙar, ya ce akwai tsofaffi a can da iyayensu suka yi wannan gudun, za su so su ji. Na tambaye shi da wane rubutu, nasu ko namu. Ya tsaya yana tunani, sannan ya ce in bari, zai zo ran kasuwa mu zauna tare, in riƙa karantowa shi yana rubutawa da nasu. Na raka shi har bakin shingen kwastan, ya hau kekensa.